Zai Tashi Kuwa? Yadda Likitocin Da Suke Duba Wata Su Faɗi Makomar Mara Lafiya

(Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda masu cewa data ba ta barinsu su saurara.)

  

Yau da labarin gidanmu zan fara. Ina aji biyu a jami'a, na zo hutu da damina, sai ɗan gwaggona, yaro ɗan shekara shida, ya kwanta da zazzaɓi. Ran Asabar ne da yamma, ba na mantawa. Aka ba shi farasitamol, aka dafa ganyen darbejiya aka yi masa surace. Washegari jiki bai sauka ba, sai kakarmu ta yafa mayafinta ta tafi wajen wani malami da ta yarda da shi. Da ta dawo na ce, Kaka, me ya ce? Ta ce abu uku ya tambaye ta: sunan yaron, sunan uwarsa, da ranar da ya kwanta. Ya yi lissafinsa, ya ce ciwon na kwana bakwai ne, in yaro ya ƙetare na bakwai to ya tashi.

Ran Litinin zazzaɓi ya sauka, yaro har ya nemi koko. Kowa a gidan ya ce kun ga, maganar malam ta fara fitowa. Ni ma da ake kira ɗan boko shiru na yi, don wallahi na ji daɗin maganar, ta kwantar min da hankali. Ran Talata zazzaɓi ya dawo. Ran Laraba da daddare yaro ya fara jijjiga, idanu suka kakkafe. A kan babur muka kai shi asibiti. Aka ce maleriya ce mai tsanani, jininsa ya yi ƙasa sosai, sai da aka yi masa ƙarin jini. Ran Juma'a ya buɗe ido ya kira babarsa. To ku ƙirga daga Asabar zuwa Juma'a. Kwana na bakwai ke nan cif. Har yau in na tada zancen sai Kaka ta ce, "Kai ɗan boko, ran nawa malam ya ce? Ran nawa ya tashi?"

Wannan tambaya tata ta daɗe tana cina. Daga ina wannan lissafi na kwana bakwai ya fito? Me ya sa ake tambayar ranar da mutum ya kwanta? Da na bi sawun abin sai na tarar tsoho ne ƙwarai, ya haura shekara 2,000, kuma abin mamaki, a hannun likitoci ya fara.

Mu tafi ƙasar Girka, wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A cikin littattafan da ake jingina wa Bukrat, wanda Turawa ke kira Hippocrates, akwai bayanin marasa lafiya 42 da aka bi su rana bayan rana ana rubutawa: yau ya yi gumi, yau fitsarinsa ya yi duhu, yau bai yi barci ba, yau ya yi sambatu. A cikin 42 ɗin nan, 25 mutuwa suka yi, kuma aka rubuta hakan ba ɓoye-ɓoye. Ku tuna fa, mutanen nan ba su da allura, ba su da gwajin jini. Babban abin da likita zai iya yi wa dangi shi ne ya gaya musu inda ciwon ya dosa. Likitan da ya ce ran kaza jiki zai juya, kuma ya juya, shi ne ya yi suna a gari.

A fahimtarsu, ciwo wani gurɓataccen ruwa ne a cikin jiki, kuma jiki yana dafa shi ne a hankali har ya nuna, kamar yadda maruru ke nuna ya fashe. Ranar da ya nuna, jiki zai fitar da shi ta gumi, ko haɓo, ko amai, ko gudawa. Wannan ranar suka kira "krisis", wato yanke hukunci: ko mutum ya rinjayi ciwo, ko ciwo ya rinjaye shi. Mu kira ta ranar juyi. Suka lura juyin nan ya fi zuwa a wasu ranaku, musamman ta 7, ta 14 da ta 20. Suka ce kuma rana ta 4 tana ba da labarin ta 7, ta 11 tana ba da labarin ta 14. Har zuwa nan babu tauraro a zancen, kallo ne kawai da ƙirga.

Wanda ya ɗaura abin a wuyan wata shi ne Jalinus, wato Galen, wanda aka haifa a shekara ta 129 miladiyya a garin Pergamon, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, ya kuma yi likitanci a birnin Rum. Ya rubuta littafi guda a kan ranakun juyi, kuma a kashi na uku ya ce dalilinsu wata ne. Hujjarsa: wata yana canza kama kusan duk kwana bakwai, daga jinjiri zuwa rabi, daga rabi zuwa cika, kuma a ganinsa yana da tasiri a kan abubuwan da ke doron ƙasa. To me zai hana ya yi tasiri a jikin mutum?

To amma ya ci karo da matsala. Bakwai sau uku 21 ne, alhali magabata sun ce 20. Ku ji dabarar da ya yi. Wata yana zagaye sararin sama ya dawo inda ya tashi cikin kwana 27 da sulusi. Daga jinjiri zuwa jinjiri kuma kwana 29 da rabi ne, sai ya cire kwana uku da wata ke ɓuya, saura 26 da rabi. Ya haɗa lissafin biyu ya raba tsakiya, ya sami kwana 26 da awa 22, ya kira shi watan likitoci. Kashi ɗaya cikin huɗu na wannan shi ne kwana 6 da awa 17 da rabi. Sau uku, kwana 20 da 'yan awoyi. Shi ke nan, 20 ta fito. Kun gane abin da ya faru? Amsar tana hannunsa tun farko, sai ya ƙera watan da zai ba shi ita, watan da babu shi a sama.

Daga nan sai Bagadaza. A zamanin Abbasiyawa, Hunainu ɗan Ishaƙ, wanda ya rasu a 873, ya fassara littafin nan na Jalinus zuwa Larabci da sunan Kitabu Ayyamil Buhran. Buhran ita ce kalmar da likitocin Larabci suka riƙa kiran ranar juyi da ita. Ta wannan hanya ilimin ya bazu a duniyar Musulmi, daga baya kuma ya koma Turai cikin fassarar Latin. A hanya sai ya cakuɗe da aikin masu duban taurari, har ya zama sana'a mai ƙa'idoji.

Bari in kwatanta muku yadda ake yi, kamar yadda aka yi a Ingila shekara 400 da suka wuce, don a can ne aka bar rubutu mai yawa. Mutum ya kwanta. Sai a aika wa mai duba da sa'ar da ciwo ya kayar da shi ya hau gado. In ba a riƙe sa'ar ba, sai a ɗauki lokacin da aka kawo fitsarinsa a kwalba, ko lokacin da ɗan aike ya iso. Mai duba zai zana taswirar sama ta wannan lokaci, ya raba ta gida 12. Gida na ɗaya shi ne mara lafiyan kansa. Na shida ciwon. Na bakwai likita. Na takwas mutuwa. Na goma magani. Sai ya duba wane tauraro ke mulkin wane gida, da wanda ya fi ƙarfi. Mushtari da Zuhura taurarin sa'a ne a wajensu, Zuhal da Mirrihi kuma na nahisa.

Amma babban ma'auni shi ne wata. Wata yana tafiyar kusan digiri 13 kullum. Bayan kwana bakwai ya yi rubu'in zagaye daga inda yake ranar da mutum ya kwanta, wannan juyi na farko. Kwana 14 yana fuskantar wurin, juyi na biyu. Sai a duba, a ranar juyin, da wa wata zai haɗu? In Mushtari ne, a ce a kwantar da hankali. In Zuhal ne, musamman in shi ke riƙe da gida na takwas, a ce a kira dangi. Ciwon da ya wuce wata guda kuma sai a bar wata a koma bin rana.

Kada ku ɗauka aikin 'yan bayan gari ne. William Lilly ya buga littafinsa a Landan a 1647, da babi-babi a kan wannan. Nicholas Culpeper, mashahurin mai maganin itatuwa, ya fitar da nasa a 1651, a kan hukunta ciwo daga sa'ar kwanciya. Kafin su akwai Simon Forman da almajirinsa Richard Napier, wanda limamin coci ne. Su biyun nan sun bar rubutun duba kusan 80,000 tsakanin 1596 da 1634, mafi yawa a kan rashin lafiya, kuma takardun suna nan a Oxford har yau. Talakawa sun je, masu sarauta sun je. Culpeper ɗin nan kuwa tarin fuka ne ya kashe shi a 1654, yana da shekara 37.

Wannan hanyar masu ilimi ke nan, tana buƙatar jadawalin taurari da lissafi mai wuya. Akwai kuma ta gajeren zango, wadda ta fi kama da abin da aka yi wa Kaka. A wata tsohuwar takarda ta Girkanci da aka samo a Masar, wadda ke ajiye a birnin Leiden na ƙasar Holan, an bayyana ta. Ka mayar da haruffan sunan mara lafiya lambobi, ka tara. Ka ƙara kwanan watan da ya kwanta. Ka raba da 30. Abin da ya saura ka neme shi a wani jadawali mai hawa biyu. In yana sama zai rayu, in yana ƙasa zai mutu. Lambobin sama 18 ne, na ƙasa 12. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mu gwada da abajada, tunda ita muka sani. Sunan Bashir: ba 2, shin 300, ya 10, ra 200, jimla 512. A ce ya kwanta ran 9 ga wata, 521 ke nan. Raba da 30, saura 11. To amma wannan lissafin mutanen gabas ne. A abajadar Magrib, wadda ita ce ta zo ƙasashenmu, shin 1,000 ce. Sai Bashir ya zama 1,212, da 9 ya zama 1,221, saura 21. Mutum ɗaya, ciwo ɗaya, rana ɗaya, amma amsa ta danganta da inda mai lissafin ya yi karatu. Sannan a ce Bashir biyu sun kwanta rana ɗaya, ɗaya mura, ɗaya sanƙarau. Lissafi amsa ɗaya zai ba su, don ko kusa bai tambayi me ke damunsu ba.

Yaya irin wannan ilimi ya iso mu? Ta littattafan Larabci da suka ƙetaro Sahara, da matafiya aikin hajji. Kuma ba karɓa kaɗai muka yi ba. Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, malami daga ƙasar Katsina, ya tafi hajji ya zauna a Alƙahira, ya rubuta Addurrul Manzum a kan ilimin taurari da ɗalasimai, da wani littafin a kan hatimai na lissafi. A can ya rasu a 1741, a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Wato hisabi da ilimin nujumu suna cikin abin da aka karanta a zaurukanmu, kusa da lissafin da ake gane shigar damina da shi.

Amma tun a can baya akwai waɗanda suka ce a'a. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi dogon bayani a kan buhran a littafinsa na likitanci, duk da haka ya rubuta risala guda ta rusa hukunci da taurari. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ware fasali a Muƙaddima yana nuna raunin sana'ar da ɓarnarta. Malaman addini kuma sun raba abin gida biyu: sanin tafiyar rana da wata da taurari don gane alƙibla, lokutan salla da yanayin shekara, wannan ba laifi, da'awar cewa taurari na faɗin wanda zai rayu da wanda zai mutu, wannan sun hana. Kowa ya san abin da ya faru ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu aka yi husufin rana, mutane suka danganta husufin da rasuwar, ya gyara musu a take.

Yanzu ga inda abin ya fi ba ni sha'awa. Su Bukrat ba ƙarya suka yi ba da suka ce wasu cututtuka suna da ranaku. Ƙasarsu cike take da maleriya, kuma sun san zazzaɓin da ke zuwa yau, ya huta gobe, ya dawo jibi, da wanda ke hutun kwana biyu. A 1880 wani likitan sojan Faransa, Laveran, ya ga ƙwayar cutar a cikin jinin mara lafiya a Aljeriya. 'Yan shekaru bayan haka Camillo Golgi na Italiya ya nuna cewa zazzaɓin yana tashi ne daidai lokacin da ƙwayoyin suka hayayyafa suka fasa jajayen ƙwayoyin jini gaba ɗaya: wani iri duk awa 48, wani duk awa 72. A 1897 Ronald Ross ya gano ƙwayar a cikin sauro a Indiya. Ashe agogon a cikin jini yake.

Haka nimoniya. Kafin zuwan penisilin, likitoci sun san mai wannan ciwo yakan yi kamar mako guda ko kwana goma cikin zazzaɓi mai zafi, sai dare ɗaya ya jiƙe da gumi, zafi ya sauka, ya yi barci, ya tashi yana neman abinci. Ko kuma ya cika a wannan tsakanin. Dalili shi ne kusan kwanakin da garkuwar jiki ke ɗauka ke nan kafin ta haɗa makaman da za ta yaƙi ƙwayar. Taifot ma mako-mako take canza kama in ba a yi magani ba. Ƙyanda kuwa iyayenmu mata ma sun san sai zazzaɓi ya yi kwana uku ko huɗu ƙuraje ke fesowa. Kun ga sun gano ƙa'ida ta gaskiya, sai dai sun kai ta gidan da ba nata ba. Mako guda na garkuwar jiki ya yi kama da rubu'in tafiyar wata, shi ke nan aka ɗaura musu aure.

To me ya sa duban ke yi wa mutane kamar yana ci? Na farko, yawancin zazzaɓi da mura suna warkewa da kansu cikin mako guda. Duk wanda ya ce "zai tashi" ya fi yawan dacewa, ko bai duba komai ba. Ku tuna jadawalin nan, 18 a sama, 12 a ƙasa. Na biyu, ranakun juyi sun yi yawa: 4, 7, 11, 14, 17, 20, kuma akwai saɓani a kan wace rana za a fara ƙirgawa. Da wuya sauƙi ya zo bai faɗa kusa da ɗaya daga ciki ba. Na uku, kalmar nan "in". In ya ƙetare na bakwai ya tashi. Ya rayu, malam ya faɗa. Ya mutu ran biyar, ai dama malam ya ce in ya ƙetare. Ta ko'ina ba a kayar da ita. Na huɗu, wanda ya dace shi ake ba da labari. Wanda bai dace ba, a ce kwana ya ƙare, a yi shiru.

Ni ba na ganin wautar Kaka, kuma ba na ganin ta mutanen da. Wanda ya taɓa zama a gefen tabarmar mara lafiya tsakar dare ya san nauyin tambayar nan, zai tashi kuwa? Mutum yana son wani ya ba shi rana ya riƙe. A zamanin Jalinus jiran kwana bakwai ba ya rage komai, don babu maganin da ake jinkirtawa. Wani lokaci ma jiran ya fi alheri, tunda abin da likita zai yi shi ne ya tsaga jijiya ya zubar da jini. Yau lissafin ya juye. Irin maleriyar da ta fi yawa a Najeriya da Nijar, wadda ake kira falsifarum, ba ta cika bin jadawalin kwana-kwana ba, kuma tana iya kai yaro ga halaka cikin awa 24 in ba a yi magani ba. Gwajinta ɗigon jini ne a yatsa, minti 15 zuwa 20 an ga sakamako. Saukar zazzaɓin nan ta ran Litinin da muka yi wa murna, ba warkewa ba ce, ciwon yana nan yana cin jinin yaro. Kwana huɗu muka ba shi kyauta.

Kuma har yau likitoci suna hasashen makomar mara lafiya, ba a daina ba. Abin da ya canza shi ne inda ake kallo. Ga alamomin da ma'aikatan lafiya ke cewa in an gan su a jikin yaro kada a kwana: ya kasa shan ruwa ko kama nono, yana amayar da duk abin da aka ba shi, yana jijjiga, ya yi laushi ba ya farkawa sosai, numfashi na sauri ko haƙarƙari na shiga ciki, wuya ya sanƙare, tafin hannu da cikin ido sun yi fari. Waɗannan ba sa buƙatar sunan uwa, ba sa buƙatar kwanan wata. Ko da babu ɗaya daga cikinsu, zazzaɓi a jikin yaro a ƙasar sauro, a yi gwaji a ranar. A yi addu'a, a yi tofi, amma a yi su a kan hanyar asibiti.

Yaron nan yanzu yana sakandare, ya fi ni tsawo. Ni da Kaka kuwa ba mu gama shari'armu ba. Ta ce malam ya ce bakwai, bakwai ɗin ce. Na ce Kaka, da ba a sa masa ledar jinin nan ran biyar ba, wa zai kai bakwai ɗin? Ta ce ai shi ma jinin rabonsa ne. Na ce to na yarda, amma daga yau a riƙa neman rabon tun ran farko. Ta yi dariya ta ce in tashi in ba ta wuri. Amma bara da 'yar ƙanwata ta yi zazzaɓi, ita ce ta fara cewa a kai ta a tsaga yatsa.

A nan za mu tsaya yau. Wanda aka taɓa yi wa irin wannan lissafi a gidansu, ya ba mu labari, muna son ji. Ku tura wa wanda kuka san zai amfana, musamman masu ƙananan yara yanzu da damina ta kama. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.